Babban Wa Uba, Babbar Ya Uwa: Yadda Marayun Ruwanda Suka Riƙe Gidajensu

Da aka daina kisa a Ruwanda cikin watan Yulin 1994, bayan kwana 100 na kisan ƙare dangi da ya ci rayukan mutane kimanin 800,000, galibinsu 'yan Tutsi tare da 'yan Hutu da suka ƙi goyon bayan kisan, sai aka wayi gari da wani irin gida da al'adar ƙasar ba ta san shi ba. Babban cikinsa yarinya ce 'yar shekara 14 ko yaro ɗan 15, ga ƙanne uku ko huɗu a bayansa, wani lokaci har da ɗan maƙwabta da aka tsinta a hanya. Da harshen Kinyarwanda ana ce musu abana birera, wato yaran da ke renon kansu.

Alƙaluman yawansu sun sha bamban. A ƙarshen shekarun 1990 ƙungiyoyin agaji suna maganar gidaje 65,000 masu ɗauke da yara kimanin 300,000. A 2004 Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, ya ba da gidaje 42,000 da yara kimanin 101,000. Ma'auni ne ya kawo bambancin: wani yana tsayawa a ɗan shekara 18, wani yana haɗawa da ɗan 21, wani yana ƙirga gidan da akwai tsohuwar kaka da ba ta iya ɗaga fartanya. Shekaru kuma suna ja, wasu suna girma suna fita daga lissafin. Inda duka suka haɗu shi ne mafi yawan masu riƙe da waɗannan gidaje 'yan mata ne.

Duk wanda ya ji labarinsu sai ya yaba, kuma yabon ya dace da su. Sai dai yabo ba ya nuna wa mutum yadda aikin ya gudana, ba ya nuna inda gumin yarinyar yake tsiyayewa a banza. In aka bi gidajen da suka tsaya da waɗanda suka watse, za a tarar yaran ba su fi juna ƙwazo da wani abin kirki ba. Abin da ya raba su yana wajen ƙofar gidan: ko gonar ubansu ta tsira a hannunsu, ko an bar su tare, ko akwai babba guda ɗaya amintacce da ke leƙo su.

Maraicin bai zo rana ɗaya ba

Makasan sun bi mutane dangi-dangi, suna duba katin shaida da aka rubuta ƙabila a jikinsa. Don haka uwa da uba da baffa da kawu da goggo da kaka suna iya tafiya cikin mako guda, wato ainihin mutanen da al'ada ta tanada domin riƙon maraya. Wani bincike da UNICEF ya yi a 1995 a kan yara 3,030 masu shekara 8 zuwa 19 ya nuna kusan 80 cikin 100 sun rasa wani a gidansu, kimanin 90 cikin 100 kuma sun fid da rai da rayuwa a lokacin.

Daga nan sai gudun hijira. A tsakiyar Yuli ɗaruruwan dubban 'yan Hutu suka tsallaka zuwa Goma a ƙasar Zayar, Kwango ta yanzu, inda kwalara da atuni suka kashe kusan mutum 50,000 cikin wata guda. A Nuwamban 1996, da aka tarwatsa sansanin Mugunga, kimanin rabin miliyan suka dawo a ƙafa cikin 'yan kwanaki, wata guda bayan haka wani ayarin mai kama da shi ya taso daga Tanzaniya. A irin wannan cunkoso yaro ɗan shekara uku yana sakin hannun uwarsa sau ɗaya, shi ke nan. Har igiya ma'aikatan agaji suka riƙa rabawa domin uwa ta ɗaure ɗanta a wuyan hannunta. Sai kuma gidajen yari, da suka cika da mutane sama da 120,000 da ake tuhuma da hannu a kisan. Na ƙarshe, wanda ya zo a hankali, shi ne ƙanjamau: mata da yawa da aka yi wa fyaɗe a 1994 sun tsira da ransu, suka yi jinya shekara biyar ko bakwai a hannun 'ya'yansu, sannan suka rasu.

Wannan ya sa a kan tudu guda za ka samu gidan marayun da aka kashe iyayensu, kusa da shi kuma gidan yaran da ubansu ke kurkuku bisa zargin shi ya kashe su. Dukkansu yara ne ke girki, rijiya ɗaya suke ɗiba.

Ba kowane ɗayansu ne ya rasa dangi ƙarƙaf ba, kuma a nan ne mutane ke yin kuskure su ɗauka zaman kaɗaicin dole ce kawai. Da yawa zaɓa suka yi, da lissafinsu. Ɗan uwan da ya saura shi ma talauci ya kama shi, ba zai iya ɗaukar yara biyar ba. Zai ɗauki ɗaya ko biyu, kuma yawanci wadda za ta iya ɗebo ruwa da raino zai zaɓa. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta tattara shaidu a rahotonta na 2003 kan yadda riƙo ya zama aikatau marar albashi ga marayu da dama: 'ya'yan gida suna makaranta, ɗan riƙo yana gona. Yaran sun ga haka a gidajen wasu. Sun kuma san in suka rufe ƙofa suka tafi, ba za su dawo su tarar da ƙofar ba, balle gonar.

Neman dangi

Kafin a ce yaro maraya ne, sai an nemi nasa an rasa. Aikin da aka yi a Ruwanda shi ne mafi girma irinsa tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Ƙungiyar Red Cross ta duniya ta tara sunayen yara sama da 100,000 a rumbun kwamfuta guda a Nairobi, cikin 'yan shekaru kuma aka sada sama da 50,000 da danginsu.

Matakin farko rajista ce, kuma ita ce ake ɓatawa da gaggawa. Ana rubuta sunan yaro, sunan uwa da na uba, lardi, gunduma, yanki, har tudun da gidansu yake, da inda aka rabu da shi da wanda ya gani na ƙarshe. A Ruwanda wannan yana da wata wahala ta daban: ba a cika gadon sunan uba ba, kowane ɗa da sunan da aka raɗa masa, don haka wa da ƙani suna iya zama a takarda ɗaya ba wanda zai gane uwarsu ɗaya. In magatakarda ya rubuta suna da kuskuren harafi guda, kwamfuta ba za ta haɗa shi da takardar uwar da ke cigiya ba.

Bin yaro ɗaya-ɗaya zuwa ƙauyensu ya yi jinkiri, sai ƙungiyar Save the Children ta Birtaniya ta koma ga cigiyar taro. Ana ware sunaye gunduma-gunduma, a nemi hukuma ta tara jama'a, a karanta sunayen da ƙarfi, duk wanda ya ji na wanda ya sani ya ɗaga hannu. Rediyo ma ya shiga. Sashen BBC na Kinyarwanda da Kirundi ya fara ne a Satumban 1994 da shirin minti 15 na karanta sunayen waɗanda suka ɓata, sunansa ma Gahuzamiryango, mai haɗa iyalai.

Ƙananan da ba su iya faɗin sunansu ba su ne suka fi wuya. Ana ɗaukar hotonsu da lamba a kafa a alluna inda jama'a ke taruwa. Kuskuren da aka yi ta yi da kyakkyawar niyya shi ne a tsinci jariri a yi masa wanka, a zubar da tsumman jikinsa, a raɗa masa sabon suna. Wannan tsumman, ko zanen goyon, ko abin wuyan, shi ne kaɗai shaidar da uwa za ta gane bayan kamannin ɗanta sun sauya da yunwa. Ga 'yan shekara huɗu zuwa shida an ɓullo da wata dabara mai kyau: a ba yaro takarda ya zana gidansu a tsakiya, sai a yi ta tambayarsa a hankali ina yake zuwa, ina ake ɗebo ruwa, akwai coci kusa, wace kasuwa ake kai shi. Daga zanen gada ko gonar shayi sai a gano yankin.

In wani ya fito ya ce nasa ne, ba a miƙa yaro nan take. Ana tambayarsa tabo ko wata alama a jikin yaron, sunayen 'yan uwansa, abin da yake sanye da shi ranar rabuwa, a kwatanta da abin da aka rubuta. Dalili kuwa akwai masu neman hannun aiki, akwai masu hangen gonar da yaron zai gada. Mataki na ƙarshe, komawa bayan wata uku ko shida a ga yadda yaron yake, shi ne aka fi sakaci da shi, saboda masu ba da kuɗi adadin waɗanda aka sada suke tambaya.

Gidajen marayu sun ninka a lokacin. Kafin 1994 akwai 37 da yara kimanin 4,800, zuwa Afrilun 1995 sun kai 77 da yara sama da 12,000. Da yawa daga cikin yaran suna da uwa a raye, ita ta kawo su ta ajiye a bakin ƙofa saboda a ciki ana cin abinci sau uku. Ginin da aka yi domin marayu sai ya riƙa raba 'ya'ya da iyayensu.

Daga asuba zuwa dare

A wancan lokacin, mutanen karkarar Ruwanda ba a ƙauye mai cunkoso suke zaune ba kamar yadda muka saba. Kowane gida yana tsaye shi kaɗai a gefen tudu cikin gonar ayabarsa, ruwa kuma yana can ƙasa cikin kwari. Jarka mai lita 20 nauyinta kilo 20 ne. Mafi ƙarancin ma'aunin ma'aikatan agaji lita 15 ne ga mutum a rana, sha da girki da wanka, ke nan gidan yara huɗu sahu uku yake bukata, kowanne da hawan tudu. Wake, wanda shi ne tuwon ƙasar, yana cin awa biyu zuwa uku a wuta, don haka neman itace ma aikin yini ne. Kafin a taɓa fartanya rabin ƙarfin gidan ya tafi.

Damina biyu ce a shekara. Ana shuka a Satumba zuwa Oktoba a girbe wajen Janairu, a sake shuka a Fabrairu zuwa Maris a girbe wajen Yuni. Gonar yawancin iyalai ba ta kai hekta ɗaya ba, ita ma a yanke-yanke. A ɗauki misalin yara huɗu da suka iya noma kwatan hekta suka zuba wake. A ƙasar da ta gaji, ba taki, in an sami kilo 150 an gode Allah. A cire kilo 20 na iri, saura 130, a raba shi ga wata shida kafin wani girbin: kimanin giram 700 ke nan a rana, abin da zai ƙosar da babba ɗaya da ɗan ƙari, ga shi baki huɗu ne. Ba a sayar da ko tiya ɗaya ba domin gishiri da sabulu da kananzir da kuɗin makaranta. Abin da ke cike giɓin shi ne dankali mai zaƙi, irin wanda muke kira dankalin Hausa. Ganyensa ake dasawa, ba sai an sayi iri ba, yana nuna cikin wata huɗu, kuma ana iya tono na yau a bar na gobe a ƙasa. Rogo ma haka, sai dai shi yana kai shekara. Dankali da rogo suna cika ciki, amma yaron da ya dogara da su kaɗai ba ya girma yadda ya kamata.

Tarkon da ya fi kama waɗannan gidaje ƙwadago ne, abin da suke kira guca inshuro, yin noma a gonar wani a biya ka da abinci. Lokacin da masu hali ke neman 'yan ƙwadago shi ne lokacin shuka, kuma shi ne lokacin da rumbun marayu ya ƙare. Sai yaya ta tafi gonar wani da safe domin a ci da dare, tata gonar ta jira mako biyu ko uku. Waken da aka makara shukawa ruwa yana ɗauke masa kafin ya cika, girbi ya ragu, rumbu ya ƙare da wuri fiye da bara, a ci irin da aka ajiye, a koma ƙwadago tun kafin damina. Kowace shekara aikin yana ƙaruwa, amfanin yana raguwa, kuma wanda ke kallo daga nesa zai ga yarinya mai himma kawai. A da al'ada tana da maganin wannan, ubudehe, wato gayyar kaftun gona kafin ruwa ya sauka. Gayya kuwa amana take so tsakanin maƙwabta, ita ce kuma aka kashe a 1994.

Taki ma ya yi wuya, domin an yanka ko an kore mafi yawan shanun ƙasar. Shi ya sa ƙungiyoyi suka riƙa raba awaki, kuma amfanin akuyar na farko kashinta ne. Inda abin ke lalacewa shi ne a ba da akuya ba a tanadi komai domin ciwo ba. Zazzaɓin cizon sauro na farko da ya kwantar da auta, akuyar ce za ta tafi kasuwa.

Sai rufi. Masu wawaso sun kwashe kwanon rufi da ƙofofi da tagogi, bangon tubalin laka kuma in ya rasa rufi damina biyu ta ishe shi. Yara sun kwana shekaru a ƙarƙashin tamfol ɗin agaji. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, balle hannun yaro. Daga Disamban 1996 gwamnati ta fara tara mutane a sababbin ƙauyuka da ake kira imidugudu. Wasu marayun sun sami gida mai kwano ta wannan hanya, wasu kuma an tashe su daga kangon ubansu ba a gina musu komai ba, gona ta yi musu nisa, ɓarayin amfani da masu matsa iyaka suka sami sarari.

Dukiyar maraya

Gonar ita ce komai, kuma a lokacin doka ba ta tare da yaran. A al'adar gado ta Ruwanda 'ya'ya maza ke gadon ƙasa, mace ba ta da rabo. Ga shi mafi yawan gidajen 'yan mata ke riƙe da su. Baffa yana iya zuwa ya ce gonar ta dangin uba ce, al'ada ta mara masa baya. Dokar gado ta Nuwamban 1999 ta daidaita ɗa da 'ya, babban ci gaba ne, sai dai ta bar ramuka. Ba ta koma baya ta gyara rabon da aka riga aka yi ba. Ta kuma fi kare 'ya'yan auren da aka yi wa rajista a hukuma, alhali aure da yawa a karkara na gargajiya ne, wasu kuma na mace ta biyu ne da doka ba ta sani ba.

Ramin da ya fi zurfi shi ne na waliyyi. A lokacin, sai mutum ya kai shekara 21 doka ke ɗaukarsa baligi a harkokin dukiya. Yarinyar da ta ciyar da mutum huɗu shekara uku ba ta da ikon shigar da ƙara da sunanta, sai ta hannun wanda majalisar dangi ta naɗa mata. Sau da yawa wanda aka naɗa ɗin shi ne mai cin gonar. Ba kasafai yake ƙwacewa da ƙarfi ba. Zai ce zai noma musu kafin su girma, ko ya ba da haya ya riƙe kuɗin, ko ya sayar da yanki da sunan kuɗin makarantarsu. Takardu sun ƙone, dattawan da suka san iyaka sun mutu ko suna kurkuku. Ƙari a kan haka, 'yan gudun hijirar da suka bar ƙasar tun 1959 sun dawo da ɗaruruwan dubbai, a gabashin ƙasar aka riƙa raba gonaki da su, kuma gonar da ba ta da babba mai magana a wurin rabo ita ce ke fara raguwa.

Wa zai tafi makaranta

An sake buɗe firamare tun Satumban 1994 da akwatunan alli da littattafai na gaggawa, amma ba a soke kuɗin makaranta ba sai 2003. A kusan kowane irin gidan nan shawara ɗaya ake yankewa: babba ya bari, ƙanana su je. Wannan ita ce sadaukarwar da ta fi yawa, ita ce kuma ba a gani, domin ba ta da rana ɗaya da za a nuna. Yarinya ce da ta tsaya a aji huɗu, ƙaninta ya gama sakandare da kuɗin ƙwadagonta.

A 1998 gwamnati ta kafa asusun FARG, aka ware masa kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar cikin gida, domin biyan karatu da magani da muhalli ga mabukata cikin waɗanda suka tsira daga kisan ƙare dangi. Dubban marayu sun kai jami'a ta dalilinsa. Amma yaron da iyayensa suka mutu da kwalara a Goma, ko a faɗan arewa maso yamma na 1997 da 1998, ko ubansa ke tsare, ba ya cikin wannan rukuni. Su 'ya'yan fursunoni suna da wani nauyin na daban: a kurkukun gundumomi dangi ne ke kai abinci, don haka yaro zai dafa daga ɗan abin da ke gida, ya ɗora a ka ya yi tafiyar awanni, ya tsaya a layi, ya dawo cikin mutanen da ke kiransa ɗan mai kisa. Bai yi laifin komai ba, kuma bai yar da ubansa ba.

A makaranta ne kuma aka ga jarumtar da ƙasar ta fi tunawa. Daren 18 ga Maris 1997 'yan bindiga da suka kutso daga Kwango suka shiga makarantar sakandare ta Nyange lokacin karatun dare, suka ce 'yan Hutu su koma gefe, 'yan Tutsi gefe. Ɗaliban suka ƙi, suka ce dukkansu 'yan Ruwanda ne. Aka buɗe musu wuta aka jefa gurneti, shida suka mutu a daren, wasu da dama suka jikkata. An sa su cikin gwarazan ƙasa, ana tunawa da su kowace 1 ga Fabrairu. Shekara uku kacal ke nan bayan sun ga abin da irin wannan rarrabewa ke haifarwa.

Kinyarwanda yana da kalmar da ake yabon irin waɗannan yara da ita, kwihangana, daidai da haƙuri da juriya a wurinmu. Kalma ce mai kyau, amma tana iya rufe ciwo. Masu bincike daga Jami'ar Tulane ta Amurka da Makarantar Lafiyar Jama'a ta Ruwanda sun tattauna da matasa 539 masu riƙe da gidaje a lardin Gikongoro da ke kudancin ƙasar a 2004. Sama da rabinsu suna da alamun ciwon damuwa mai tsanani, fiye da 40 cikin 100 sau ɗaya suke cin abinci a rana, kusan uku cikin huɗu kuma sun ce jama'a na ƙyamar marayu. Gidan da babu babba, kuma yana shi kaɗai a gefen tudu, kowa ya san ba mai tsare ƙofarsa da dare. 'Yan mata sun sha fyaɗe, wasu sun yarda da namiji saboda kuɗin makarantar ƙani, sai ciki ya ƙara baki a gidan. Binciken ya kuma gano wani abin da ya kamata masu agaji su riƙe: inda aka ware marayu da kayan tallafi a gaban maƙwabtan da su ma ba su da shi, sai hassada ta shiga, mutane su janye hannu su ce ai 'ya'yan ƙungiya ne.

Babba guda ɗaya

Abin da ya yi aiki bai kai gina gidan marayu tsada ba. Daga 2003 ƙungiyar CARE ta gwada tsarin Nkundabana, ma'anarsa ina son yara, a yankin Gitarama. Sirrinsa yana matakin farko: yaran ne da kansu ke faɗin babban da suka amince da shi a unguwarsu, ba shugaban gunduma ba, sannan jama'a su tabbatar da shi a bainar taro. A ƙasar da maƙwabci ya kashe maƙwabci, yaro ya fi kowa sanin ƙofar da zai iya ƙwanƙwasawa. Ana horar da wanda aka zaɓa kan haƙƙin yara da sauraron mai damuwa, a ba shi 'yan gidaje kaɗan, ba albashi. Aikinsa ya riƙa zuwa. Ya duba rufi, ya tambayi wa ya daina zuwa makaranta, ya raba faɗan wa da ƙani, ya tara mutane su yi gayya, in maganar gona ta taso ya raka yarinya gaban hukuma ko wurin lauyoyin ƙungiyar Haguruka. An kuma haɗa yaran cikin ƙungiyoyin adashi da rance, domin ciwo ya daina cin akuya. Yaran ba su bar gidansu ba, ba a raba su ba, yaya tana nan a matsayinta na babba. Sai dai yanzu mai shirin matsa iyaka ko zuwa da dare ya san akwai wanda za a faɗa wa. A Gikongoro ƙungiyar World Vision ta yi makamancinsa, kuma da aka sake auna matasan bayan kimanin shekara biyu, waɗanda ake ziyarta sun ba da rahoton raguwar cin zarafi da jin wariya. Inda tsarin ke rauni shi ne mai ziyarar shi ma talaka ne, in aka ɗora masa gidaje da yawa ko yaran suka zaci abinci zai kawo, sai ƙafarsa ta ɗauke.

Marayun da suka kai makarantun kwana sun ƙirƙiro nasu. A 1996 ɗalibai 12 a jami'ar ƙasa da ke Butare suka kafa AERG, ƙungiyar ɗaliban da suka tsira daga kisan ƙare dangi, suka raba kansu iyali-iyali, kowane iyali ya zaɓi uba da uwa daga cikin ɗalibai. Uban shi ke bin sakamakon jarrabawa, uwar ta san wanda ba shi da sabulu da wanda ba shi da gidan zuwa hutu. Tsarin ya bazu zuwa makarantun sakandare a faɗin ƙasar.

Ita ma gwamnati a ƙarshe wannan hanya ta bi. A 2013, bayan ƙidayar da ta sami yara 3,323 a gidajen marayu 33, mafi yawansu da dangi a raye, aka fara shirin Tubarerere Mu Muryango na mayar da su cikin iyalai da rufe gidajen. Daga baya aka sa kowane ƙauye ya zaɓi mace ɗaya da namiji ɗaya masu sa ido kan yara, Inshuti z'Umuryango, abokan iyali, su kusan 30,000.

Maganar gona ita ce ta fi daɗewa ba a warware ba. Sai tsakanin 2009 da 2013 aka yi wa filaye sama da miliyan 10 rajista. Ana zuwa da hoton ƙauye da aka ɗauka daga jirgin sama, ɗan gari da aka horar ya zagaya iyaka a ƙafa tare da mai gona da maƙwabtansa da kwamitin ƙauye, a zana iyakar a kan hoton, a rubuta masu ita da magadansu maza da mata, a kafa sunayen a bainar jama'a domin mai ƙorafi ya fito. Rigimar da ta taso ana kai ta gaban abunzi, dattawan sulhu na unguwa, kafin kotu. Yaran da suka ƙi tashi daga kangon ubansu, maƙwabta sun shaide su suna noma wurin shekara 15, suka karɓi takarda da sunansu. Waɗanda aka rarraba gidajen riƙo da yawa sun dawo sun tarar wani ne ke tsaye a kan iyakar ranar da aka zo aunawa. Yarinyar da ta ɗauki gida tana 'yar 14 a 1994, lokacin da takardar ta iso hannunta ta kai shekara 30.